Sanyin Da Na Saya a Jos

Da na ce zan sayi firji, Kande ta riƙe haɓa:
"A Jos? Garin da ruwan randa ke sa haƙori tsami?
Ajiye miyarki a taga mana,
kafin asuba ta daskare kyauta."
Na bar ta tana dariya, na hau motar Abuja
da kuɗin sallamar shekara talatin da biyu a ɗakin haihuwa.

A Wuse, yaron shago mai farar riga
ya jera mini su kamar masu fareti.
Wannan yana zubo ƙanƙara ta ƙofa,
wancan yana hira da wayar hannu.
Na ce, ɗana, surutun mutane ma ya ishe ni,
nuna mini wanda ya iya shiru.
Ya ja ni lungu, ya taɓa bango,
bango ya buɗe.
Farin haske ya zubo a kan takalmina.
Ba mariƙi, ba ƙyalli, ba tambari a goshi,
ya sa rigar katako ya saje da kabad
kamar attajirin da ba ya son a gane shi a kasuwa.
Na tambayi kuɗinsa. Na nemi kujera.
Na sake tambaya ko zai sauko.
Bai sauko ba, ni ce na hau.

Ranar da mota ta ɗauko shi
sau bakwai na kira direba:
kun wuce Akwanga? Ku bi Hawan Kibo a hankali,
kar ku kwantar da shi, a tsaye ake kawo shi!

Tanimu kafinta ya auna sau uku,
duk da haka gurbin ya gaza da faɗin yatsa.
Ya harari awonsa kamar ya ci amanarsa,
ya fere katako har la'asar sakaliya,
ya bar kafar iska sama da ƙasa.
"Hajiya, ko ƙarfe ne, in an toshe masa hanci
mutuwa zai yi."
Sai mai gyaran wuta ya zo da nasa lissafin:
na'urar daidaita wuta, batura huɗu, sola a kan rufi.
Ashe sayen akuya ba wuya,
dusa ce ke cin aljihu.

Daren farko na zuba masa abin da nake da shi:
ƙwai shida, rabin kabeji daga Farin Gada,
ragowar miyar kuka, robar zoɓo ɗaya.
Hawa biyar suka tsaya fayau suna kallona.
Ɗana na Kaduna, 'yata ta haye teku,
wa na saya wa wannan fili?

Kande ta zo gani.
Ta buɗe ma'ajiyar farantai, ta buɗe ta tsintsiya,
ta ce, "To ina miliyoyin?"
Na taɓa bango. Ta ja da baya tana salati.
Bayan sati ta aiko da furarta a ajiye mata,
ba ta ƙara maganar taga ba.

Yanzu hawa na biyu na Baba Gyang ne,
allurarsa ta ciwon suga ba ta son zafi.
Na uku, nonon Laraba da man shanunta.
Akwai wani ƙullin nama tun Babbar Salla
da har yau ban san mai shi ba.

In na bar ƙofar a buɗe ina tunani
yakan yi ɗan kuka, ƙit, ƙit, ƙit.
Tun rasuwar Malam
ba wanda ya tuna mini na manta wani abu
sai shi.

Jiya da tsakar dare an ɗauke wuta.
Na taso da fitila, na kara kunne a jikin katako:
yana nan, yana numfashi ƙasa-ƙasa.
Na juya ga randar Inna a bayan ƙofa,
na ɗebi moɗa guda na sha.
Haƙorina ya yi tsami.
Kada dai ku gaya wa Kande.